Khairiyya da Tsohuwar Kan Gada

"Kauce, Khairi! Kauce mata mana!"

Ba ta kauce ba.

Babban yatsanta ya ƙage a kan gilashin wayar. Tana ji tana gani tsohuwar mayyar ta ɗaga sandarta ta ƙashi, ta sauke a tsakar kan jarumarta. Jan layin rai ya tsiyaye tas. Jarumar ta durƙushe a kan gadar, takobi ya suɓuce, wayar ta yi duhu.

An sake kashe ta.

Sai wata siririyar dariya ta cika mata kunne.

"Ayya, Khairiyya, sannu! Yaya Salah, ƙyale ta ta huta. Matso kusa da ni, ka riƙe hagu in riƙe dama."

"Ga ni nan, Ikhlas. Tare ta... yawwa! Kai, yarinyar nan hannunki akwai sauri!"

Hannunki akwai sauri...

Khairiyya ta fizge abin sauraron daga kunnenta, ta yi cilli da wayar kan katifa. Hawaye masu zafi suka zubo mata, har ita kanta tana jin kunyarsu. Budurwa kamarta, wadda amaren Faskari ke layi a ƙofar ɗakinta don ta zana musu lalle, ta zauna tana kuka a kan gem!

Amma ita ta san ba gem ɗin take yi wa kuka ba.

A cikin gem ɗin nan ta haɗu da Salahuddeen. Wata duniya ce ta dodanni da matsafa da kufan birane, inda mutane daga ƙasashe daban-daban ke haɗa tawaga su fita yaƙi. Ita maharbiya ce. Hannun da ya saba jan siririn zanen lalle ba ya rawa, don haka kibiyarta ba ta kuskure. Wata rana da yamma, cikin tawagar da kowa ke zuba Turanci, wani dodo ya ɓullo mata ta baya, ta saki salati da ƙarfi.

Sai ta ji wata murya ta ce, "A'a! Bahaushiya ce a nan? 'Yar ina?"

"Faskari."

"Ikon Allah! Ni kuma ina Kankara. Ashe maƙwabciyata ce ke ta ceton raina tun ɗazu."

Daga nan aka fara.

Sana'arsa haɗa sola, a shaguna da gidaje da rijiyoyin burtsatse. Tsakanin Kankara da Faskari ba wata tafiya ba ce, sai dai hanyar ba kullum take biyuwa ba. In aka ce yau wajen Sheme ba lafiya, kowa sai ya zauna inda yake. Shi ya sa zuwansa zance ya yi ƙaranci, gem ɗin ya zame musu dandali. Bayan La'asar, in ta wanke hannu, shi ma ya sauko daga kan rufin mutane, sai su shiga. Shi a gaba da takobi da garkuwa, ita a baya kan tudu tana share masa hanya.

Ba ta taɓa jin tsayuwa a baya abin ƙasƙanci ba ne, sai da Ikhlas ta shigo.

Ikhlas 'yar ƙanwar mahaifiyarsa ce, a Sabuwa take. Takobi ta ɗauka tun ranar farko, kuma ta iya. Daga lokacin, abin da Khairiyya ke hangowa daga kan tudunta ke nan: mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, shi ya tare mata sara, ita ta tare masa, suna dariyar abin da ita ba ta gani ba.

Sai ga maganar gada. Wata mayya ce ke gadin ta, 'yan wasa na kiran ta Tsohuwa. Dokar ita ce, duk makamin da ka yaƙe ta da shi ka haye, da shi za a san ka a sabuwar ƙasar da ke tsallake, wanda kuwa ya mutu a kan gadar a wannan gefen zai zauna. Da baka ne, da tuni Khairiyya ta haye, daga nesa za ta yi ta ɗirka mata kibau. Amma in ta haye da baka, ta dawwama a baya ke nan.

Ta ajiye baka, ta ɗauki takobi.

Tun ranar take mutuwa.

Wayar ta hau ruri a kan katifa. Sai da ta kusa tsinkewa ta ɗauka.

"Rabin raina... fushi aka yi?"

"Kun haye?"

"Mun haye. Amma ai..."

"Kai da mai saurin hannu."

"Haba Khairina! Ikhlas fa ƙanwata ce."

"Ƙanwar da aure bai haramta ba."

Ya yi dariya. Dariyar ta ƙara tunzura ta.

"Saurare ni, sahibata. Matsalarki ɗaya ce. Da ta matso kusa sai ki ruɗe, ki yi ta danna sara har ƙarfin jarumarki ya ƙare, ba ki bar na kaucewa ba. Faɗan kusa haƙuri yake so. Ki jira ta ɗaga sanda, ki goce, ki sara sau ɗaya, ki ja baya. Ko kuma..."

"Ko kuma mi?"

"Ki koma kan bakanki. Wallahi duk tawagar nan babu maharbi kamarki. Ni hankalina ya fi kwanciya in na san kina bayana."

Kina bayana!

"Ita kuma tana gefenka, ko?"

"Khairi..."

"Sai an jima, Salahuddeen."

In ta kira cikakken sunansa, ya san magana ta ƙare.

Ta fito tsakar gida idanunta jajir, sai ta tarar da mahaifinta zaune kan tabarma, dawowarsa ke nan daga kasuwar Yankara. Malam Gide mutum ne mai sanyin murya, amma in ya faɗi magana ta zauna.

"Zo nan, ɗiyata. Yaron nan na cikin waya ne ya sa ki kuka?"

"A'a, Baba... kaina ke ciwo."

"Hmm. Innarki ta ce mani magabatansa na son zuwa in an gama girbi. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Amma ki sani, mu da muka baro Ruwan Godiya daga mu sai kayan jikinmu, ba mu da wata dukiya da ta wuce ku. Ba ni ba da ɗiyata ga mutumin da aka tsinto wurin wasa, sai na san ko shi wane ne in wasa ya tashi."

"Yana da sana'a, Baba."

"Mu gani a ƙasa."

Washegari Ikhlas ta kira ta, murya kamar zuma.

"'Yar'uwa, jiya ban ji daɗi ba, wallahi. Yaya Salah bai iya koyarwa ba, faɗa kawai ya iya. Zo mu shiga mu biyu in nuna miki sirrin."

Zuciyarta ta ce kar ki je. Son hayewa ya ce je ki.

Suka shiga.

"Ajiye wannan ɗan tsurut ɗin takobin," in ji Ikhlas. "Ɗauki babban gatarin can, ki sa sulken ƙarfe mai nauyi. Sara biyu za ki yi mata ta faɗi."

Khairiyya ta yi yadda aka ce. Jarumarta ta koma kamar jakin da aka labta wa buhunan masara. Kafin ta ɗaga gatarin, Tsohuwa ta maka mata sanda ta sake makawa. Ta danna kaucewa, jarumar ta yi wani taku ɗaya a gajiye, sanda ta same ta a ƙeya.

Ta mutu.

Ta sake shiga, ta sake mutuwa.

"Kash! Saura ƙiris! Sake."

Ta yi ta sakewa har tafin hannunta ya jiƙe da gumi, wayar ta ɗau zafi kamar dutsen guga.

"Wai ke ba ta ba ki haushi?" Ikhlas ta tambaya a hankali. "Ni da ni aka raba da Yaya Salah haka, ai da na haukace."

Nan Khairiyya ta fashe.

"Haushi? Wallahi na tsani tsohuwar nan! Muguwa, mai baƙin ciki! Ita ce ta tsaya tsakanina da Salah. Amma ta jira, in Allah ya yarda sai na ga bayanta kafin bikinmu!"



"Yawwa," in ji Ikhlas. "Haka nake son ji."

Ba a rufa mako ba Salahuddeen ya kira. Babu rabin raina, babu Khairina.

"Akwai matsala. Saurari wannan."

Sai ta ji muryarta, ita da kanta, tana fitowa daga wata wayar a can gefensa. Na tsani tsohuwar nan... ita ce ta tsaya tsakanina da Salah... sai na ga bayanta kafin bikinmu. An yanke ƙarar takubba, an yanke muryar Ikhlas. Muryarta kaɗai aka bari, tsirara.

"Hajiya aka tura wa," ya ce.

Ta zauna a bakin gado. Hajiya Baraka, mahaifiyarsa, wadda ba su taɓa haɗuwa ba, wadda tun farko ta fi son ya yi auren gida.

"Innalillahi... Salah, Tsohuwar kan gada ce fa!"

"Na sani. Ina ji na gane. Amma Hajiya ba ta san wata gada ba. Na yi bayani har bakina ya bushe, ta ce in daina raina mata hankali, wace tsohuwa ce ke zaune cikin waya? Kwana ta yi tana kuka. Ta aika wa su Kawu kar wanda ya taka Faskari."

"Wa ya tura mata?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Daga ni sai Ikhlas a wurin, Salah."

"Na tambaye ta. Ta ce dariya abin ya ba ta, za ta tura wa ƙawarta, hannunta ya kai kan lambar Hajiya. Ba na jin da gangan ta yi... yarinya ce."

"Yarinya ce!"

Ta miƙe tsaye.

"Mai saurin hannu ce ta yi kuskuren hannu? An ɗauki muryata an gyara, an kai wa mahaifiyarka an ɓata ni, amma abin da ya fara zuwa bakinka kare ta? Ashe ko a wajen gem garkuwarka a gabanta take!"

"Khairi, don girman Allah..."

"Je ka aure ta! Ku yi ta hayewa har ƙarshen duniya. Kar ka sake kira na!"

Ta kashe, ta toshe lambar.

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mata daɗi ba. Tana zana fure a hannun amarya, sai ta ga fuskar Ikhlas a tsakiyar furen, fuskar da a hoto kawai ta san ta. Wani lokaci ta leƙa gem ɗin a ɓoye don ta ga ko sunayensu na haske tare. Nasa a dushe yake, bai shiga ba. Maimakon ta ji sanyi, sai ta ce a ranta, to ai ba sa buƙatar gem yanzu, a waya suke hirarsu.

Ga kuma wani aiki da ke jiran ta. Tun kafin rigimar, Salahuddeen ya haɗa ta da Asma'u, yayar Ikhlas, don ta yi mata lallen biki a Sabuwa. Dabararsa ce, Hajiya ta gan ta ido da ido ba tare da an ce ga wadda ɗanki ke so ba.

"Ba za ni ba, Inna," ta ce wa mahaifiyarta.

"Za ki. Amarya ba ta yi maki laifi ba, kuma alƙawari kaya ne. Ki yi aikinki ki dawo."

Ta bi motar safe.

Gidan biki ya cika maƙil. Asma'u ta karɓe ta da fara'a, ta ja ta ƙuryar ɗaki. Ikhlas kuwa tana hango ta ta canza hanya. Khairiyya ta bi ta da kallo. Ta fi hotonta kyau. Abin ya soke ta a ƙirji, ta sunkuyar da kai ta kama hannun amarya.

Bayan Azahar, da aka gama da amarya da ƙawayenta, iyaye mata suka fara shigowa. Aka shimfiɗa darduma ta musamman, wata dattijuwa mai cikar kamala da farin gilashi ta zauna, ta miƙe ƙafa.

"A yi wa Hajiyar Kankara nata, ja take so," in ji wata daga cikin matan.

Khairiyya ta ɗago ta dube ta.

Idanun Salahuddeen ne sak a fuskar matar.

Ta yi bisimilla a zuci. Ta yanka salatif ta jera a tafin hannu da gefen ƙafa, ta shafa kwaɓaɓɓen lalle, ta bi da leda tana ɗaurewa.

"Hannunki da sanyi, yarinya," in ji Hajiya Baraka. "An ce daga Faskari aka ɗauko ki?"

"E, Hajiya."

"To ko kin san wata mara kunya a garinku, wai ita Khairiyya?"

Asma'u ta zaro ido daga inda take zaune.

Khairiyya tana iya cewa garin da girma. Tana iya cewa ba ta san ta ba, ta tattara kayanta ta bi motar yamma. Ta ɗaure ledar ƙarshe a ƙafar Hajiya, ta ɗago.

"Ni ce, Hajiya."



Hajiya ta yunƙura za ta tashi, ta tuna hannu da ƙafa duk a ɗaure suke.

"Ke! Kwance mani wannan abu!"

"Hajiya, in aka kwance yanzu ɓaci zai yi, bai kama ba." Ba ta sauke ido ba. "Ki yi mani alfarma ɗaya kafin ya kama. Bari in nuna maki tsohuwar da nake nufi. In kin gan ta ba ki gamsu ba, wallahi da ƙafata zan fita daga rayuwar ɗanki."

"Hajiya, kar ki saurare ta, dabara ce!" Ikhlas ce daga bakin ƙofa.

Hajiya ta dube ta ta saman gilashi.

"Ke kuma mi ya yi zafi? Ai ba inda za ni a haka. Nuna mani."

Khairiyya ta goge hannu, ta ɗauko wayar, ta matsa kusa da dattijuwar har kafaɗunsu na gogar juna. Mata suka yo caa suka zagaye su. Ta cire wa jarumarta sulken nan mai nauyi, ta mai da ɗan takobinta. Gadar ta bayyana, doguwa, hazo ya rufe ƙarshenta. Sai ga Tsohuwa ta taso daga tsakiya, farin gashi har ƙasa, idanu kamar garwashi, tana jan sandar ƙashi.

"A'uzubillahi!" in ji Hajiya. "Wannan wace irin halitta ce?"

"Ita ce Tsohuwa. Can tsallaken kuma, can jarumin Salahuddeen yake. Sai na kashe ta zan isa inda yake."

Mayyar ta taho.

Yatsun Khairiyya suka so su ruɗe kamar kullum. Ta cije leɓe, ta jira. Sanda ta ɗaga... ta goce! Ta sara sau ɗaya, ta ja baya.

"Yawwa!" wata daga cikin matan ta ce.

Ta sake jira, ta sake gocewa. Wannan karon sandar ta shafe ta, layin rai ya ragu.

"Wannan jan abin mene ne?" Hajiya ta tambaya, ta riga ta miƙo wuya.

"Raina ne, Hajiya. In ya ƙare na mutu."

"To ki kula mana! Ga ta nan, ga ta nan! Kauce! Ke, kauce!"

Ta kauce. Ta sara. Ta sake sara. Ba ta taɓa kai wa nan ba. Layin Tsohuwa ya yi ƙasa sosai, mata suka fara ihu, har masu girki suka leƙo da ludayi a hannu. Saura sara ɗaya ko biyu...

Sai mayyar ta ɓace ɓat.

Kafin Khairiyya ta juya, ta ɓullo ta bayanta, ta sauke sanda.

Wayar ta yi duhu.

"Kai!" Hajiya ta buga hannunta mai leda a cinya. "Amma wannan tsohuwa an yi muguwa! Ta baya fa ta zo! Allah ya isa, mai baƙin ciki kawai!"

Mata suka dubi juna.

Amarya ce ta fara tuntsirewa da dariya, ta toshe baki da gefen mayafi. Sai ɗakin gaba ɗaya ya ɗauka. Hajiya ta tsaya da baki buɗe, ta ji abin da ya fito daga bakinta. A hankali ta juya wajen ƙofa.

"Ikhlas."

"Na'am, Hajiya..."

"Ke ma kina wannan wasan?"

"E."

"Kin san wannan tsohuwar?"

Ikhlas ta sunkuyar da kai.

"Kin san ta. Amma da na kira ki ina kuka na ce wa yarinyar nan take nufi, ce mani kika yi ni. Ni da na goya ki, Ikhlas!"

Ikhlas ta rufe fuska ta fice da gudu.

 Hajiya ta dubi Khairiyya, idanunta sun kawo ruwa.

"Ɗiyata, na ɗauki alhakinki. Na zage ki a gabanki kina riƙe da ƙafata."

"Ba komai, Hajiya. Ko ni ce aka kawo wa haka, zan ji ciwo."

"Allah shi yi maki albarka." Ta ja numfashi, ta nuna wayar da haɓa. "Sake shiga. Wannan karon ki lura da bayanki."

Ta sake shiga.

Aka sake kashe ta.

Da ta fita bayan gida wanke kwanon lalle, ta tarar da Ikhlas tsugune kusa da randuna, fuska a kumbure. Khairiyya ta ɗebi ruwa kamar ba ta gan ta ba.

"Tun ina ƙarama nake son shi," Ikhlas ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Don shi na koyi gem ɗin. Ni ko faɗan ba ya burge ni. Kin san abin da yake ce mani da muka haye? Duk abin da muka gani sai ya ce, da Khairi na nan da ta so wannan. Ina gefensa, amma ke yake yi wa hira."

Khairiyya ta tsaya da kwano a hannu. Wani abu ya motsa a ranta mai kama da tausayi. Ta so ta ce na yafe, bakinta ya ƙi. Ba ranar ba.

"Ki wanke fuskarki," ta ce. "Bikin yayarki ake yi."

A ƙofar gida, gindin wata bishiyar darbejiya, Salahuddeen na tsaye da wayar lantarki a naɗe a kafaɗa, ya gama ja wa rumfar biki wuta. Labari ya riga ya iso shi. Ya rame.

Khairiyya ta ɗauke kai za ta wuce.

"Rabin raina..."

"Rabin ranka na ciki tana kuka. Je ka kare ta."

"Na cancanci wannan." Ya sha gabanta, ya tsaya nesa kaɗan saboda idon mutane. "Na yi kuskure, Khairi. Na ji nauyin in yarda jinina zai yi haka, sai na bar ki ke kaɗai a tsakiyar fili. Ki yafe mani."

"Ka ce hannunta akwai sauri."

"Na faɗa."

"Ni ba ka taɓa cewa nawa akwai sauri ba."

"Naki ba sauri gare shi ba, kyau gare shi. Ga Hajiya can sai juya tafin hannu take tana nuna wa mutane."

Ta cije murmushin da ke neman ƙwace mata.

"Ranar da kika toshe ni, shiga ɗaya na yi," ya ci gaba. "Na juyo da jarumina na dawo wannan gefen gadar. Duk abin da na samu a tsallake ya zube. In ba tare za mu haye ba, ba ni da abin yi a can."

Ta ɗago ta dube shi sosai, karo na farko.

"Ni fa ba zan koma baka ba, Salah."

"Kar ki koma. Ni zan ɗauki baka in tsaya a bayanki."

"Kai? Kai da ko saiti ba ka iya ba? Ai ni za ka harbe!"

"To sai ki koya mani, sahibata. A hankali... muna da lokaci."

Dariyar ta ƙwace mata, hawaye na biye da ita.

Saura Malam Gide. Shi bai ce wa kowa komai ba. Wata safiya da hanya ta yi kyau ya shiga mota ya nufi Kankara, ya yi tambaya a masallacin unguwa, ya yi a kasuwa. Aka nuna masa wata rijiyar burtsatse a bayan gari. Ya zauna a inuwa yana kallon wani saurayi a saman ƙarfe cikin tsakar rana, yana ɗaure faifan sola, bai sauko ba sai da ruwa ya zubo, mata suka yi guɗa.

Da ya dawo gida ya sha ruwa, ya dubi Inna.

"Na gaisa da shi. Tafin hannunsa duk kanta. A ce su zo."

Aka ɗaura aure bayan an kai amfanin gona gida.

Amarya ba ta gama warware kayanta ba, wata yamma aka ce Hajiya na kira. Salahuddeen ya raka ta. Suka tarar da tsakar gida cike da maƙwabta, dattijai mata a jere kan tabarmi.

"Zauna nan kusa da ni, ɗiyata," in ji Hajiya. "Na ba su labarin muguwar nan sun ce ƙarya nake. Ɗauko wayar. Kai ma zauna, ka yi abin da aka sa ka."

Suka shiga, ita da takobi, shi da baka. Kibiyarsa ta farko ta faɗa kogi. Ta biyu ta wuce ta saman kan amarya. Khairiyya ba ta ko waiwaya ba. Ta jira, ta goce, ta sara. Da mayyar ta ɓace, kafin ta ɓullo Hajiya ta ƙwala ihu, "Bayanki!" Jarumar Khairiyya ta mirgina gefe, sanda ta daki ƙasa, ta juyo ta soka takobin har ƙota.

Tsohuwa ta narke ta zama hayaƙi.

Guɗa ta tashi har maƙwabtan da ba a gayyata ba suka leƙo ta katanga.

Jaruman biyu suka taka gadar tare, hazo ya yaye. Sai ga wani birni na farin dutse, a ƙofarsa wata kyakkyawar mace da kambi a ka. Ta tako a hankali, ta wuce jarumar Khairiyya, ta miƙa wa jarumin Salahuddeen hannu tana murmushi.

Khairiyya ta ajiye wayar a cinya. Ta juyo gaba ɗaya.

"Wannan kuma wace ce?"

"Sarauniyar birnin ce, rabin raina! Ba mutum ba ce, wallahi, gem ɗin ne ya ƙirƙire ta. Kowa haka take yi masa!"

"Ni ba ta yi mani ba."

Hajiya ta gyara gilashi, ta ƙura wa sarauniyar ido, ta taɓe baki.

"Ko ma wace ce, ban yarda da wannan murmushin ba. Shiga tsakaninsu, ɗiyata."